Maƙwabta Biyu a Kundi Ɗaya: Yadda Caca Ta Sami Lasisi, Batsa Ta Sami Katafila

Muƙalar wannan mako a kaina ta faɗo, kuma na zaɓi in ɗan taɓa tarihin wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya saba bi ta Unguwar Sarki bayan sallar isha'i ya san yadda teburan masu shayi ke cika da matasa, kowa da wayarsa a hannu. A ranar da ake buga wasannin Turai, za ka ji wani ya yi tsaki ya ce wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti, sauran su yi masa dariya, a ci gaba da hira. Ba ya ɓoye fuskar wayar, ba ya rage murya. To amma da a ce bidiyon batsa ne a kan wayar nan, da ko kusa ba zai bari na kusa da shi ya gani ba. Alhali daga inda yake zaune yana iya jiyo lasifikar Masallacin Sultan Bello, inda tun zamanin Sheikh Abubakar Gumi ake karanta mana cewa duka biyun haramun ne.

Lokacin da muke difloma, wani abokin karatuna ya zuba kuɗin rajistarsa a cacar ƙwallo, da niyyar ya ninka su ya sayi kwamfuta. Kuɗin suka tafi, shekarar karatu ta bi su. Babu wanda ya karya doka a cikin wannan labari: kamfanin yana da lasisi, yaron ya haura sha takwas. Tun daga ranar nake tambayar kaina, yaya aka yi doka ta raba waɗannan abubuwa biyu da al'adarmu da addininmu suka haɗa?

Kafin wani ya yi mini mummunar fahimta: ba kare batsa na zo yi ba, ba kuma nema mata lasisi nake ba. Ma'aunin da ake auna su da shi nake so mu duba tare.

GIDA ƊAYA SUKA TASO

A tsohuwar rayuwar Bahaushe, caca da giya da karuwanci 'yan gida ɗaya ne. Inda ka ga gidan magajiya, a nan za ka tarar da tabarmar 'yan caca, da wuri a da, daga baya da karta. Kalmar "ɗan caca" zagi ce, kuma tana cikin abubuwan da in bincike ya tono su ake hana mutum aure. Alƙur'ani ya ambaci giya da caca a tare, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Da bariki ta kafu a garuruwa irin su Kaduna, Jos da Sabon Garin Kano, sai waɗannan sana'o'i suka sami matsuguni a wuri guda, malamai da mawaƙan wa'azi suka riƙa sukarsu a jere. Har yau in mai wa'azi zai lissafa miyagun ɗabi'u, da wuya ya ambaci ɗaya ya tsallake ɗaya.

1959: SASHE NA BIN SASHE

Dokar zamani ma da farko haka ta ɗauke su. A 1959, lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya, majalisar Jihar Arewa da ke zama a Lugard Hall nan Kaduna ta zartar da kundin dokokin laifuka da muke kira Final Kod. An tsara shi ne bisa samfurin na ƙasar Sudan, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajiberin samun 'yancin kai.

Wanda ya buɗe kundin zai ga abin mamaki. Sashe na 200 yana magana kan aikata rashin ɗa'a a bainar jama'a, na 201 kan buɗe gidan karuwai, na 202 kan sayar da littattafai da hotunan batsa, na 203 kan waƙoƙin batsa. Da ka juya, sashe na 204 zuwa 206 sai ga gidan caca da reful. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kamar dai yadda suke a gidan magajiya.

Sai dai tun a lokacin akwai wata 'yar kafa. Dokokin da muka gada daga Turawa sun ware cacar sukuwar dawaki, muddin a kulob ɗin da hukuma ta amince da shi ake yi. Ma'ana, talaka ya shimfiɗa tabarma ya raba karta, ɗan doka ya kama shi. Manya su zuba kuɗi a kan doki, doka ta kau da kai. Daga nan aka fara koyon darasin da ya kawo mu yau: caca laifi ce, sai in hukuma ta sa hannu. Ita kuwa batsa ba a taɓa yi mata irin wannan ƙofa ba.

Ta wannan kafa ce cacar kupon ta shigo, wadda ake cike takarda ana hasashen ƙungiyoyin Ingila da za su yi kunnen doki. Iyayenmu sun san shagunanta. Sai kuma injinan da ake kira kalo-kalo, waɗanda suka cinye kuɗin jama'a har gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta haramta su da doka a 1977. Ku riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

SHEKARUN DA HANYA TA RABU

A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, jihohi suka bi sahu. A wannan guguwa an rufe gidajen caca da na giya da na karuwai da silima, duk a tare. A Kaduna, bayan rikicin Fabrairun 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta bi wani tsari na sulhu a 2001, aka kafa kotunan shari'a da na gargajiya kowa da inda ya shafa.

Abin da ya biyo baya shi ne inda nake so marubuta su kasa kunne. A Kano an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta jagoranci ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Wannan ya zo ne bayan shekaru ana tafka muhawara a jaridu kan Adabin Kasuwar Kano, tsakanin irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. A shekarar dai, wani bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya fita ta wayoyin hannu. Ba fim ba ne, ba kuma wani kamfani ya shirya shi ba, amma sana'ar gaba ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta: an dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka ɗaure Adam A. Zango wata uku kan kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. A 2008 hukumar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, ƙungiyoyin marubuta suka yi tirjiya. 'Yan fim da dama suka dawo Kaduna da aiki, har a 2010 ƙungiyarsu ta nan ta kai Rabo kotu kan kalaman da ya yi a tashar DITV, inda ya danganta sana'arsu da finafinan batsa.

A tsakiyar waɗannan shekaru, me ke faruwa da caca? A 2005 gwamnatin tarayya ta yi dokar reful ta ƙasa, ta kafa hukumar da za ta riƙa ba kamfanoni lasisi tana karɓar kason gwamnati. Shugaban ƙasar da ya sa hannu shi ne Obasanjo, mutumin da gwamnatinsa ta haramta kalo-kalo shekara 28 kafin nan. Wato a daidai lokacin da ake tara littattafanmu ana cinna musu wuta, ita caca ofis ake gina mata a Abuja, da ma'aikata da hatimi.

DA WAYA TA SHIGO

Intanet ta ɗauke duka biyun daga lungu ta zuba su a aljihu. Akin Alabi ya kafa NairaBet a 2009, Bet9ja ta fara aiki a 2013, wasu suka biyo baya da yawa. Ba sai ka je shago ba. Da asusun banki da data, kana kwance a ɗakinka za ka yi asarar albashin wata. Shafukan batsa su ma haka suka shigo, babu mai gadi.

Doka ta tarbi baƙin nan biyu da fuska daban-daban. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta sanya tura saƙon batsa ta kwamfuta ko waya cikin laifukan da ke iya kai mutum ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai. Ita kuwa cacar intanet sharaɗi aka gindaya mata: ka sami lasisi, ka biya haraji, kada ka karɓi wanda bai kai sha takwas ba.

Ga misalai biyu da ke nuna yadda ma'aunin ya karkace. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau, 'yar Kaduna, daga Kannywood saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a wani bidiyon waƙa. Ƙasa ta ɗauka, har kafofin labarai na waje. Shekara uku bayan haka, a 2019, shirin Big Brother Naija ya sha suka daga masu ganin yana yaɗa fitsara. Babban mai ɗaukar nauyin shirin a wannan shekara Bet9ja ne, a 2020 kuma Betway. An yi ta ce-ce-ku-ce kan abin da 'yan gidan ke yi a ƙarƙashin bargo, tallar cacar da ke manne a allon talabijin kuwa ta wuce salin-alin.

KADUNA, 2020: KWAƊO DA KATAFILA

In ana neman shekara ɗaya da gari ɗaya da za a ga bambancin ƙuru-ƙuru, to Kaduna ce a 2020, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i.

A wannan shekara hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, ta bi wasu shagunan cacar ƙwallo ta garƙame su. Laifinsu shi ne rashin rajista da jiha da kuma bashin haraji. Maganin laifin a bayyane yake: a yi rajista, a biya, a cire kwaɗo.

A ƙarshen Disambar shekarar, wata takardar gayyata ta yaɗu a kafofin sada zumunta, tana tallar wani bikin baɗala da aka ce za a yi a Kaduna. Ranar 31 ga Disamba hukumar tsara birane, KASUPDA, ta kai katafila ta rushe wani gidan cin abinci da shaƙatawa a Sabon Tasha. Da farko hukumar ta danganta rusau ɗin da bikin. Da surutu ya yi yawa sai ta ce ginin ne ba shi da izini. Masu wurin sun musanta cewa suna da hannu a gayyatar. Ko ma mene ne gaskiyar lamarin, an rushe ginin kafin wata kotu ta yanke hukunci.

Ga caca da ake yi a fili kullum, an sa mata kwaɗo har sai ta biya. Ga batsa da aka yi zargin za a yi, an aika mata katafila. Gari ɗaya, gwamnati ɗaya, shekara ɗaya.

INDA AKA KWANA

Adalci ne in faɗi cewa akwai inda aka yi ƙoƙarin daidaita ma'aunin. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca 30, ta ce da yawansu sun fake ne da sunan gidajen wasan bidiyo. Matsalar ita ce kamfanonin suna riƙe da lasisin tarayya. Sai ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008: caca da reful ba hurumin Majalisar Tarayya ba ne, na jihohi ne, dokar 2005 kuma Abuja kaɗai ta shafa. Hisba ta ce za ta ci gaba da rufe shagunan.

Amma rufe shago ba ya rufe waya. Manhajar da aka yi wa lasisi a Legas tana aiki daram a Fagge da Unguwar Sarki. Ita kuma gwamnatin tarayya, daga 1 ga Janairun 2025, ta fara aiki da ƙa'idar cire harajin kashi 5 cikin ɗari daga abin da ɗan ƙasa ya ciwo a caca. Wata biyu bayan haka, a Maris ɗin 2025, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin Dalhatu Tafoki daga Katsina, ta umarci hukumar sadarwa ta NCC ta toshe shafukan batsa. Ɗaya a toshe, ɗaya a yanki kaso.

ME YA KAWO HAKA?

Wannan ɓangaren ra'ayina ne, kowa na iya ja da ni.

Na farko, kuɗi. Caca tana da rasit, ana iya lissafa ta a kasafin kuɗi. Gwamnatin da ke neman kuɗin shiga ido rufe ba ta son yanka kazar da ke yi mata ƙwai.

Na biyu, ana ganin wuyan biri a ɗaure shi a ƙugu. Kamfanin caca yana da manyan lauyoyi da masu hannun jari, yana ɗaukar nauyin gasar ƙwallo. Marubuciyar da ke sayar da littafinta naira ɗari biyar a WhatsApp, ko 'yar fim, ko mai ƙaramin gidan abinci, wa gare su? Shi ya sa ko a yaƙi da batsar ma, manyan shafukan waje suna nan, na kusa da hannu ake damƙa.

Na uku, kunya. Batsa tana taɓa abin da Bahaushe ya fi tsaro, wato mutuncin 'ya mace, kuma ido na ganinta nan take. Ɓarnar caca a ɓoye take tafiya: jarin shago ya narke, kuɗin makaranta su ɓace, a sayar da babur, a fara ɗauke-ɗauke a gida. In ta fito fili sai a kira ta da wani suna, a ce talauci ne ko rashin tarbiyya.

Na huɗu, kuma wannan ya fi shafarmu, suna. An sauya wa caca suna. Yaron da zai yi faɗa in ka kira shi ɗan caca, da bakinsa zai ce maka yana "buga bet" ko ya "haɗa wasanni". Ya ɗauka sanin ƙwallo ne ke kawo ci, don haka a ganinsa ilimi yake amfani da shi. Kalmar ta wanke aikin. Ita kuwa kalmar batsa faɗaɗa ta aka yi, har ta haɗiye runguma a bidiyon waƙa da labarin soyayyar da bai wuce zance a zaure ba.

Masu goyon bayan lasisi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa Nijeriya ƙasa ce mai addinai da yawa, kuma in ka haramta caca za ta koma ƙarƙashin ƙasa, inda babu mai duba shekarun yaro, babu mai tilasta a biya wanda ya ci. Na ji wannan. Tambayata ita ce, in har dalilin lasisi kare jama'a ne, ina kariyar take? Wa ke duba shekarun yaron da ya yi rajista da wayar yayansa? Nawa ne daga harajin ake kashewa wajen jinyar waɗanda cacar ta zame musu jaraba?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na kawo wannan tarihi a zauren marubuta saboda dalilai uku.

Ɗaya, mu ne a bakin wuta. Duk lokacin da aka tashi yaƙi da batsa ba tare da an fayyace iyakarta ba, littafi ne ke fara ƙonewa, mai kyau da marar kyau. Mu san sashe na 202 da na 24, mu san kuma cewa Kaduna ta sabunta nata Final Kod a 2017, mu nemi kundin mu karanta. Sannan mu gyara gidanmu da kanmu. Duk mun san akwai masu zuba batsa tsirara a littattafan intanet don a saya; su ne ke ba masu ashana hujja a kanmu duka.

Biyu, akwai labarin da ke jiran mai rubuta shi. Tun daga waƙoƙin Mu'azu Haɗeja kan giya da karuwa, zuwa Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, adabinmu ya daɗe yana bin diddigin bariki. Ɗan cacar wannan zamani kuwa ba ya zuwa bariki. Yana sahun gaba a masallaci, tikitinsa na cikin waya. Matarsa ba ta san inda kuɗin cefane ke tafiya ba. Mai POS na unguwa ya fi kowa sanin sirrinsa. Wanda zai rubuta wannan, don Allah ya je ya zauna da su, ya ji yadda suke magana, ya fahimci abin da ke mayar da mutum bayan ya rantse ya daina. In aka mai da shi wa'azi tsura, su ɗin da ake so su karanta ba za su wuce shafi na biyu ba.

Uku, hukuncin Kotun Ƙoli ya dawo da maganar gida. Yanzu babu gwamnan da zai ce Abuja ce ta ɗaure masa hannu. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna tana zama ne a Lugard Hall, inda aka jera sassan nan bakwai a 1959, tafiyar 'yan mintuna daga Unguwar Sarki. Ko za ta haramta, ko za ta tsaurara sharuɗɗa, ko za ta ci gaba da karɓar haraji kawai, ya kamata a yi muhawarar a fili, kuma masu alƙalami su kasance a ciki.

Abokin nawa ya koma makaranta a shekarar da ta biyo, ya kammala. Da na gaya masa zan yi wannan rubutu, abu ɗaya ya roƙe ni, kada in ambaci sunansa, don har yau mahaifinsa ya ɗauka sace kuɗin aka yi a mota.

Inda na yi kuskure a gyara mini, musamman lauyoyin da ke cikinmu. Allah ya tsare mana alƙalumanmu da aljihunanmu, ya sa mu dace.

Daga Unguwar Sarki, Kaduna.